Tukunya Ɗaya Na Shaida, Aka Tafi Da Sunan Gari

Zuwa ga Mai Girma ɗan majalisar da ke wakiltarmu a Abuja,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da masu yi maka aiki. Ina gajiya, ina ɗawainiyar jama'a. Wushe, sannu da ƙoƙari.

Sunana Hajja Kaltum, a Ajilari nake zaune. Mijina dillali ne a Kasuwar Shanu, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Falmata, malamar firamare, ita ke riƙe da biro, kuma na ce mata abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta sa masa gishiri. Sau biyu na je ofishinka na nan gari aka ce kana Abuja. Na bar saƙo, shiru. Shi ya sa na ce a kai jarida, ko wani ya karanta maka. Ba roƙon shinkafa ya kawo ni ba. Laifi na yi, kuma ya fi ƙarfin in gyara shi ni kaɗai.

Na ɗaya. Sana'ata turaren wuta da humra. A hannun uwata na koya, ita ma a hannun tata uwar. Kai ba sai an yi maka bayanin turaren Yerwa, wato Maidugurin nan tamu, ba, cikin hayaƙinsa aka yi sunanka, rigar da kake shiga majalisa da ita ma na san an turara ta. Amma tunda mutanen wasu garuruwa za su karanta, bari in faɗa. Ana samun itacen hawi da sandal da kajiji, a daddatsa, a wanke, a shanya a inuwa. Farce kuma, wannan ɓawon da ake kawowa daga teku, sai an jiƙa shi an kankare an soya kafin ƙarninsa ya fita. A narka sukari, a zuba itacen, a yi ta juyawa har kafaɗa ta amsa, sannan a ba shi ruwan turare ya sha. Sai a rufe tukunya a manta da ita. Mai gaggawa kwana arba'in, mai haƙuri wata uku ko fiye. Wanda aka yi wa haka, in ya kama zane, ko an wanke sai an ji shi.

Muna da wata al'ada a tsakaninmu. In mace ta buɗe tukunyarta, ba ta sayarwa, ba ta kai wa amarya, sai ta ɗebo kaɗan ta kawo wa tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a sana'ar. Tsohuwa ta sa garwashi a kasko, ta zuba, ta ɗora bakin mayafinta a kan hayaƙin, ta jira. In ya yi, ta ce ya yi. In bai yi ba, ta ce a mayar a rufe. Ba a ba ta ko sisi. Kuma shaidar ta wannan tukunyar ce ita kaɗai. Gobe in matar ta buɗe wata, sai ta sake dawowa, ko da 'yar cikinki ce. Tun rasuwar Ya Bintu ni ce wannan tsohuwar a unguwarmu, shekara tara. Tukunyar ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya na mayar sau biyu, ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba. Ban damu ba.

Na biyu. Shekara uku da suka wuce, bayan babbar Sallah da 'yan kwanaki, wani ɗan kasuwa ya yi sallama a ƙofar gidana da hantsi. Lauyar da ke taimaka mana ta ce kada in kama sunansa, to ba zan kama ba, mai kwalabe zan riƙa ce masa. Ya zo da farar mota da mutum biyu, ɗaya da takardu, ɗaya da abin ɗaukar hoto. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce mini Kaka, ya ce duk inda ya tambaya a garin nan sunana ake faɗa masa. Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya fito da kwalba ya ce in duba masa. Na sa wuta na duba. Turare ne na gaske, har na gane hannun, na maƙwabciyata Yagana ne, ita ce mai cika kajiji. Daga baya ta ce mini e, a wurinta ya saya da safiyar ranar. Na ce ya yi.

Sai ya ce abokan cinikinsa na nesa ba sa jin magana sai sun gani a rubuce. Mai takardun ya karanta mini da Hausa a gurguje, wai ni wance, babbar masu turare, na shaida turaren Alhaji wane shi ne turaren Yerwa da aka sani. Na ce ai haka ne, wannan da ke cikin kaskona na Yerwa ne. Na dangwala yatsa. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ya ce zai fi kyau in da wasu, sai na aika aka kira mata shida, na ce su dangwala, ba komai, shaida ce irin wadda muka saba. Yagana ta ce ko a jira Falmata ta taso daga makaranta ta karanta mana. Na ce mata, ke da ake yabon turarenki ke ce mai jan ƙafa? Suka dangwala don ni na ce. Aka ɗauke ni hoto da kasko a hannu. Da zai tafi ya ajiye mini turmin atamfa da goro. Na ɗinka, na sa, har suna na je da ita.

Ni a kaina tukunya ɗaya na shaida. Ban san takarda ba ruwanta da tukunya ba. Ita in an ce ya yi sau ɗaya, to ya yi ke nan har illa masha Allah, ko me aka zuba a kwalbar daga baya.

Na uku. Bara aka gayyace ni bikin jikar wata ƙawata. Dangin ango daga wani gari suka zo, cikin kayan da suka kawo har da kwalaben turare masu ƙyalli. Aka ce a sa ɗaya a ji. Ɗaki cike da mata. Ana zubawa a wuta hayaƙi ya tashi baƙi, ya shaƙe wuya, wata mai goyo ta fita da jaririnta tana tari. Dusar katako ce aka jiƙa da turaren kanti aka shafa mata kala. Gwaggon amarya ta ce wane mara tsoron Allah ne ya haɗa wannan. Sai ƙanwar ango ta ɗaga kwalbar, ta ce ai wannan asali ne, da tsada suka saya, ga ma hoton tsohuwar da ta shaida. Ta juyo da kwalbar. Ni ce, da kaskona, ina washe baki.

Duk suka juyo suna kallona. Can wata sa'ata, abokiyar wasa tun muna 'yan mata, ta ce, Kaltum, hancin ne ya tsufa ko lalitar ce ta yi nauyi? Aka yi dariya don a rufa mini asiri. Ni ban yi ba. Na nemi takalmana na fito, ko abinci ban taɓa ba. A Keke Napep na ja mayafi na rufe fuska kamar wadda ta yi sata.

Tun daga ranar mata biyu ne kacal suka kawo mini tukunya, su ma na san don kara ne. Sauran ban ga laifinsu ba. Ni ma da wata ce ta yi haka, ba zan kai mata ba.

Na sa aka nemo lambar mai kwalabe aka kira mini shi. Na ce ya cire hotona. Ya ce, haba Kaka, ai yanzu duniya ta san ki, zan aiko miki da wata atamfar. Na ce ya riƙe abarsa. Bai sake ɗaukar waya ba.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na rubuto, don in fuskata ce kawai da na haɗiye. Akwai wata 'yar garin nan da aure ya kai ta ƙasar Turawa, tana da kanti a can, mutanenmu da 'yan Sudan da Larabawa suna saye a wurinta. Ta zo ganin gida, ta zauna da mu a tsakar gidan Yagana, ta ce tana so ta riƙa ɗaukar namu kai tsaye, da sunan garinmu a jiki, don a can sunan ake saye kafin a ji ƙanshin. Mata goma sha huɗu suka haɗa kai. Yawancinsu mazansu sun rasu, wasu rikici ne ya koro su daga ƙauyukansu, ba gona ba dabba, sai wannan hannun. Wata huɗu suna aiki. Aka ɗura a kwalabe, aka buga takardar mannawa, turaren Yerwa, aikin matan Ajilari, aka shirya a kwali.

Saura mako guda a ɗora a mota sai mai kantin ta bugo waya. Ta ce a dakata. An gaya mata a can sunan yana da mai shi, wani ya riga ya yi masa rajista a ƙasarmu, ya kuma bi ya yi a tasu, in kayanmu suka shiga da wannan sunan za a tsare su a tashar jirgi. Ba a yi kwana goma ba sai ga wasiƙa daga lauyan mai kwalabe, wai mu daina amfani da sunansa ko mu haɗu a kotu. Sunansa. A garin nan aka yanke mini cibiya, a nan na haɗa turarena, wai ba ni da izinin in ce na garin nan ne. Shi kuwa inda ake cika masa kwalabe wani gari ne mai nisan yini guda a mota, ko ruwan Maiduguri ba ya shiga kayansa.

A bayan wasiƙar an maƙala kwafin waccan takardar. Yatsana a sama, na mata shida a ƙasa. Falmata ta karanta wa matan duka a gabana. Yagana ta tashi ta ce bari ta duba girkinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau kullum da safe sai ta leƙo ta ce Kaka an tashi lafiya, kwalayen kuma suna jibge a ɗakinta, ita da 'ya'yanta mata uku sun koma kwana a rumfa.

Mai kantin ta ce za ta jira mu zuwa bayan azumi. In ba a warware ba, sai dai ta haƙura, don in babu sunan, turarenmu ya zama kamar kowane turare a kanta, ba mai biyan wahalar kai shi can.

Na biyar. Barista Amina, 'yar marigayi limamin unguwarmu, ta karɓi maganar ba ta nemi komai ba. Sau uku ta yi mini bayani kafin ya shiga. Ga abin da na riƙe, in na yi kuskure ka fi ni sani.

Ta ce ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya, tamu ma tana ciki, cewa in abu ya yi suna saboda garin da ake yin sa, ba a yarda wani ya yi nasa a wani wuri ya laƙa masa sunan garin ya yaudari masu saye ba. Sunan na duk masu yin abin a garin ne, ba na mutum ɗaya ba. Ta ce wata ƙasar cukunta ne ke da wannan gatan, wata ganyen shayinta, wata shinkafarta. Na ce alhamdu lillahi, to mu aika mu faɗa musu. Ta ce tsaya Kaka. A cikin yarjejeniyar an ce ba dole ba ne wata ƙasa ta tsare maka sunan da kai ba ka tsare a gidanka ba. Mu kuma ba mu da doka ta musamman a kan wannan, an daɗe dai ana maganar kawo ta. Wadda muke da ita tsohuwa ce, alamar kamfani ta fi sani. Ita ma, in ji ta, ba ta yarda a miƙa wa mutum ɗaya sunan gari haka kawai ba, sai in ya kawo hujjar cewa jama'a da kayansa suka san sunan. Na ce to shi wace hujja ya kai? Sai ta kalli hannuna.

Ta ƙara da cewa ko gobe aka yi sabuwar dokar, wanda ya riga ya yi rajista zai ce shi ya fara zuwa, kuma a waje ana sauraron irin wannan maganar, sai dai in an nuna ba da zuciya ɗaya ya samu ba. To ka ji inda muke. Dokar waje ta ce ku je gida ku kawo shaida, dokar gida ta ce an riga an ba wani.

Ranka ya daɗe, ni wannan ne ban gane ba. Ta yaya aka je waje aka sa hannu, aka dawo gida aka kwanta? Kamar mutum ne ya ɗaura aure bai gina ɗaki ba. Ban ce kai ka sa hannun ba, wataƙila lokacin kana makaranta. Amma yanzu kai ke zaune a kujerar, mu muka yi layi a rana muka ɗora ka. Kuma kada ka ce maganar mata ce da hayaƙinsu. Yau turare ne. Gobe wani zai zuba shinkafar da ba a san asalinta ba a buhu ya rubuta Zabarmari, ya je ya yi rajista, mutanen da suka noma ta cikin kasada da ransu a ce su nemi wani suna. Jibi bandar kifin Baga, gata hular da ke kanka. Duk abin da zai nema shi ne tsoho ɗaya mai son yabo, kuma ba mu yi ƙaranci ba.

Na shida. Kada wani ya karanta wannan ya ce an cuci tsohuwa, Allah sarki. An cuce ni, amma ni na buɗe ƙofa na shimfiɗa tabarma. Ba yunwa ce ta sa ni ba, ina da abin da zan ci. Yabo ne ya ci ni. Shekara tara ina ce wa mata ku mayar ku rufe, ban taɓa yarda da hancin kowa ba sai nawa. Ranar da aka kawo mini abin da ba a shinshinawa, girman kai ya hana ni in ce wannan ban san shi ba. Awa biyu kacal zan jira 'yata. Na ga kamar in na ce a jira, baƙo zai ce ashe babbar ba ta da iko a gidanta. Kuma na ja mata shida na sa su ciki, waɗanda ba su taɓa yi mini musu ba sai ranar, na kuma rufe bakin wadda ta yi. Sunan da uwata ta bar mini ba nawa ba ne, ajiya ce, ta matan da suka wuce da waɗanda ba a haifa ba. Na bayar da ita a kan turmi ɗaya. Atamfar tana nan a ƙasan akwati, na kasa sawa, na kasa bayarwa, don wa zan ba?

Ga abin da nake nema.

Da farko, ka tashi a majalisa ka tayar da maganar dokar nan, a daina ajiye ta. In za a rubuta, a zo a tambayi masu yin abin, kada a zauna a otal a yanke mana. A rubuta cewa sunan na duk wadda ta haɗa a ƙasar nan ne, ta hanyar da aka sani, ko Kanuri ce ko Shuwa ko Bahaushiya ko Babur. Kuma kada a ba kowa shaida ta har abada. Mu da ba mu yi karatu ba mun san kowace tukunya dubawarta daban.

Sannan ka sa baki a sake duba rajistar mai kwalabe. Barista ta ce akwai hanyar neman a soke, amma tana da tsawo, kuma takardar talaka ba ta da ƙafa sai an ɗauke ta. Ban ce ka yi wa kowa dole ba, a saurare mu kawai. Ni zan zo. Ƙafafuna suna kumbura a mota, amma zan zo Abuja in tsaya a gaban ko waye in rantse cewa kwalba ɗaya na gani, ta Yagana ce, kuma ban san abin da na dangwala ba. A rubuta sunana a faɗa a rediyo, kunyar da ta rage mini ba ta da yawa. Matan nan shida kuwa a bar su, umarnina suka bi.

Na ƙarshe, ka ba mu amsa kafin azumi ya kama. In za a iya, mu sani. In ba za a iya ba, ka faɗa a fili, kada a ce mana ana dubawa. Ni zan bi gida goma sha huɗu da ƙafata in gaya musu da bakina su daina jira, su ɓare takardun su sayar a nan yadda ya samu, Yagana ta koma ɗakinta kafin ruwa ya sauka.

Shekaruna sun haura saba'in. Likkafanina yana nan a ninke, turaren da za a sa masa ma na haɗa da hannuna na rufe. Ba abin da ya rage mini a duniyar nan da ban shirya ba sai wannan, kuma ba na so a ɗauke ni a wuce da ni ta ƙofar matan nan alhali yana wuyana.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya shirya maka zuriya, ya tsare ka daga masu durƙusa maka suna yabonka. Allah ya sa ka sauke nauyin da ke kanka, ya zaunar da garinmu lafiya.

Wassalam.

Uwarka,
Hajja Kaltum mai turare,
Ajilari, Maiduguri.